Rufin Asirin Mai Sayen Magani: Haƙƙin Jama'a da Nauyin da ke Kan Masu Shaguna

Unguwar Sarki, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, unguwa ce da mazaunanta suka san juna. Wanda ka yi sahu ɗaya da shi a Masallacin Sultan Bello, shi za ka tarar a wurin mai shayi, kuma ba mamaki ƙaninsa ne ke tsaron kemis ɗin da ke bakin layinku. Wannan sanayya alheri ce, amma tana da nata nauyi, domin akwai abubuwan da mutum kan shiga shago ya saya waɗanda ba ya son ko ɗan ɗakinsu ya sani. Wannan bayani ya shafi yadda ya kamata masu shagunan magani da yaransu su riƙe amanar irin wannan ciniki, da kuma abin da dokokin ƙasa suka tanada a kansa.

Kayan da ake jin nauyin saye

Daga cikin irin waɗannan kaya akwai audugar mata, da abin gwajin ciki, da kwaroron roba, da ƙwayoyin tazarar haihuwa, da abin gwajin ƙanjamau na gida. Haka kuma akwai magungunan ciwon sanyi, da basir, da farfaɗiya, da taɓin hankali, da raunin mazakuta. Babu laifi a cikin neman ko ɗaya daga cikinsu. Sai dai a al'adarmu ta kunya, kowanne na iya zama abin tsegumi idan ya faɗa bakin da bai dace ba.

Yadda asiri ke tonuwa

Sau da yawa ba da mugun nufi ake tona asirin mai saye ba. Sakaci ne kawai. Misali, magidanci ya sunkuya ya faɗi buƙatarsa a hankali, sai yaron shago ya ɗaga murya yana tambayar maigidansa farashin maganin, alhali shagon cike yake da mutane. Ko kuwa matar aure ta aiko yaro da 'yar takarda, sai a karanta ta a fili, a kuma miƙa masa kayan ba tare da an naɗe ba, ya ratsa unguwa da su a hannu. Akwai kuma littafin bashi da ake bari a buɗe a kan teburi, ɗauke da sunan mutum da sunan maganin da ya karɓa. Bayan waɗannan akwai 'yan zaman benci, wato abokan mai shago da ke wuni a bakin ƙofa, idonsu na kan duk mai shiga da fita.

Zamani ma ya zo da nasa hanyoyin. A yau mutane kan turo hoton takardar likita ta WhatsApp, su biya kuɗi ta waya, sunansu ya fito a saƙon banki. Wayar shago da ke yawo daga hannu zuwa hannu ta zama ma'ajiyar sirrin jama'a da dama.

Illar da ke biyo baya

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Kalma ɗaya daga bakin yaron shago na iya kashe aure, ko ta hana budurwa miji, ko ta raba mutum da aikinsa. Amma babbar asarar ta lafiyar al'umma ce. Wanda aka taɓa kunyatawa ba zai koma ba. Ko dai ya haƙura da ciwonsa har ya ci ƙarfinsa, ko ya tafi wata unguwa mai nisa inda ba a san shi ba, ko kuma ya koma wurin masu tallar magani a tasha da bakin kasuwa, inda ba a da tabbacin ingancin abin da zai sha. Mai ciwon sanyi da ya fasa neman magani zai ci gaba da sa wa iyalinsa. Saboda haka rufin asiri ɓangare ne na maganin kansa.

Jihar Kaduna na da dalili na musamman na kula da wannan batu. Daga shekarar 2017, ita da Jihar Legas ne aka fara gwada shirin IntegratE a cikinsu, wanda ya horar da masu harhaɗa magunguna da masu kemis kan ba da shawara da hidimar tazarar haihuwa. Ke nan shagon unguwa ya zama wurin da ake tattauna al'amuran cikin ɗaki, kuma mace ba za ta buɗe baki ba sai ta tabbata maganarta ba za ta riga ta isa gida ba.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariya a kan sirrinsa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa ta waya.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta bayyana cewa duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum ko maganin da yake karɓa a wurin ba da hidimar lafiya sirri ne. Ba a bayyana shi sai da rubutaccen izinin mai shi, ko da umarnin kotu ko na wata doka, ko bisa buƙatar iyaye ko waliyyi idan yaro ne ko wanda ba ya iya yanke hukunci da kansa, ko kuma idan ɓoyewar za ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a.

Haka nan dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau ta 2014 ta haramta bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata, wanda ya haɗa da haƙƙin rufin asiri. Sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman, ta kuma kafa hukumar NDPC domin sa ido a kan haka.

Hukumar PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ce ke yi wa manyan kantunan magani rajista, ita ce kuma ke ba masu kemis lasisi. Mai riƙe da lasisin shi ke da alhakin tarbiyyar duk wanda ya ajiye a bayan kanta.

Abin da ake buƙata daga masu shaguna

1. A ware wani lungu, ko da da labule ne, inda mai saye zai yi magana ba tare da wani ya ji ba.
2. Kada a ambaci sunan magani ko na cuta da ƙarfi. Wanda ya fi son ya rubuta ko ya nuna, a bar shi.
3. A naɗe kaya a takarda ko baƙar leda kafin a miƙa, musamman idan ɗan aike ne. Bayanin yadda ake sha a rubuta shi a ciki.
4. A guji tambayar da ba ta shafi magani ba, da zolaya, da wa'azin da ba a nema ba. Tambayar shekaru, ko juna biyu, ko wasu magungunan da ake sha tana da amfani, amma a yi ta a asirce.
5. A adana littafin bashi da takardun likita a aljihun teburi mai makulli, a sa wa wayar shago lambar sirri.
6. Idan da hali, a samu mace a cikin ma'aikata domin sauraron mata.
7. A nisantar da bencin hira daga bakin ƙofa.
8. Idan miji, ko suruka, ko kishiya, ko maƙwabci ya zo bincike, amsa ɗaya ce: “Ka yi haƙuri, ba ma faɗin abin da wani ya saya, kamar yadda ba za mu faɗi naka ba.”

Waɗannan ladubba sun hau kan masu kantunan kayan masarufi da ke sayar da audugar mata da makamantanta, ko da yake ba magani suke sayarwa ba.

Iyakar rufin asiri

Wajibi ne a bambance tsakanin rufa wa mai saye asiri da ɓoye haramtaccen ciniki. Lasisin kemis bai ba da damar sayar da magungunan da sai da takardar likita ba. Tun watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai sinadarin kodin, saboda yadda matasa suka mai da shi abin maye. Wanda ya miƙa irinsa ko taramadol ta ƙarƙashin kanta bai rufa wa kowa asiri ba, cutar da shi ya yi. Haka kuma mai shago ba zai ƙi nuna wa jami'an PCN, ko NAFDAC, ko NDLEA kayansa da takardunsa ba idan sun zo aiki bisa doka. Idan kuwa ciwo ya fi ƙarfin shago, amana ita ce a ja mutum gefe a ba shi shawarar zuwa asibiti.

Kira ga jama'a

Kowane mai saye na da ikon ya nemi a saurare shi a keɓe, ya kuma fasa ciniki idan aka ƙi. Wanda aka tona wa asiri zai iya fara kai kukansa ga mai shagon, ko ga shugabannin ƙungiyar masu kemis ta NAPPMED na yankinsa. Idan bai gamsu ba, yana iya zuwa ofishin PCN na jiha, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ko ya nemi shawarar lauya.

Su ma sauran jama'a suna da nasu rabon. Idan ka tarar da wani a gaban kanta, ka ɗan ja da baya har ya gama, abin da ka gani kuma ka bar shi a nan. Ana roƙon masu unguwanni, da limamai, da shugabannin coci, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su taimaka wajen isar da wannan saƙo. Magabata sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma mai shagon da aka shaida da riƙon amana ba ya rasa masu ciniki.