Yadda mazubi ke sauya ɗanɗanon abin sha

A kasuwannin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin jihar Sakkwato, mai sayen fura da nono yakan fara da shinshina ƙwarya, sannan ya ɗanɗana ya ji tsami da kauri kafin ya biya kuɗi.

Haka kuma a cikin gidaje, kowa ya san ruwan sabuwar randa da ƙamshin ƙasarsa, wasu matan ma har sukan turara randar kafin su zuba ruwa.

Ma'ana dai, mazubi yakan bar wani abu nasa a cikin abin da aka zuba masa.

A ƙasashen Yamma, masu harkar barasa sun mayar da wannan sanin babbar sana'a, kuma tasirinta ya fara shiga kayan abincin da Musulmi ke saye.

Daga wuski zuwa giya

Dokar Amurka ta tanadi cewa wuskin da ake kira bourbon, sai an adana shi a sabuwar ganga ta wani itace mai ƙarfi da Turawa ke kira oak, wadda aka babbake cikinta da wuta.

Tun da ba a sake zuba irin wannan wuski a gangar da aka yi amfani da ita, sai a sayar da ita. Kowace ganga tana cin kimanin lita 200.

A shekarun 1990 kamfanin Goose Island na birnin Chicago ya yi suna wajen zuba giya a irin waɗannan ganguna, daga baya ƙananan masana'antu da dama suka bi sahu, har da masu yin nau'in giyar laga, wadda ake adanawa cikin sanyi.

Babbakar da aka yi wa itacen ce ke fitar da sinadarai masu ƙamshin banila da kwakwa. Sannan itacen yana riƙe da ragowar wuskin da ya tsotsa, wanda ke komawa cikin giyar.

Laga ta yau da kullum tana ɗauke da kusan kashi 5 cikin 100 na sinadarin da ke sa maye, amma wasu giyar da suka kwana a ganga sukan haura kashi 10.

Yadda ake alƙalanci

Ƙungiyar BJCP da aka kafa a Amurka a 1985 ita ce ke horar da yawancin alƙalan gasar giya a can. Makinta 50 ne: 12 na ƙamshi, 3 na kamanni, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda abin ke zama a baki, sai 10 na ra'ayin alƙali gaba ɗaya.

Abin da suke dubawa shi ne ko ƙamshin ganga ya danne na hatsin da aka yi giyar da shi. Idan ya danne, maki ya ragu.

Matsayin shari'a

A jihar Sakkwato, wadda ke cikin jihohi 12 na arewacin Najeriya da suka soma aiki da shari'ar Musulunci a farkon shekarun 2000, shan giya laifi ne ga Musulmi. Haddinsa a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne.

To amma batun mazubi ba baƙo ba ne a fiƙihu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana wakilan ƙabilar Abdul Ƙais jiƙa dabino ko zabibi a wasu mazubai huɗu, ciki har da na duma, kuma malamai sun bayyana cewa abin da aka jiƙa a cikinsu yana saurin zama mai sa maye.

Wani hadisin na Muslim ya sassauta hanin daga baya, da sharaɗin a guji duk abin da ke bugarwa. Littafin Risala, da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, shi ma ya ambaci hanin game da duma.

Inda abin ya shafi mai saye

A yau ana sayar da gahawa da zuma da miyar barkono da aka adana a gangunan wuski.

Barkonon Tabasco, da ake yi a jihar Louisiana tun 1868, yakan shafe har shekara uku a irin waɗannan ganguna, sai dai ana kankare cikinsu a wanke tukuna domin kawar da ragowar wuskin.

Wasu kamfanonin kuwa ƙamshin wuskin ne suke nema, kuma sukan rubuta hakan a jikin kwalba. Don haka mai saye sai ya karanta rubutun, ya nemi shaidar halal, ko ya tambayi malamai kafin ya kai abin gida.