Harshen Fortran: Inda Ɗalibai Kan Yi Tuntuɓe Wajen Raba Kundi

Harshen Fortran ya girmi yawancin masu koyonsa nesa ba kusa ba. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da shi a 1957 ƙarƙashin jagorancin John Backus, kuma har yau da shi ne aka rubuta da yawa daga cikin manyan tsare-tsaren hasashen yanayi na duniya. Saboda haka ɗalibin kimiyya ko ma'aikacin ofishin bincike yakan wayi gari an danƙa masa tsarin Fortran, an ce ya gyara, lokacin miƙa aiki kuwa ya ƙarato.

Kwamfuta ba ta jin Fortran kai tsaye, sai ta bakin wani tsari mai juya rubutun zuwa harshen inji, watau tafinta. Bayan tafinta ya gama, akwai wani tsarin da ke harhaɗa guntayen su zama abu ɗaya, shi ne maɗinki. Kowanne da irin nasa ƙorafin, kuma wanda bai bambance su ba yakan ɓata kwanaki yana neman kuskure inda babu shi.

Fortran 90 ne ya kawo kundi, wanda ake buɗewa da kalmar module, inda ake tara 'yan aike wuri ɗaya. Ɗan aike, watau function, guntun tsari ne da ake ba wa lambobi ya komo da amsa guda. Illar kundi ita ce, in aka taɓa layi ɗaya a cikinsa, sai an sake fassara duk wani fayil da ya dogara da shi, wanda a babban aiki kan ci sa'o'i. Maganin haka ya zo cikin ƙa'idar Fortran 2008, wadda aka buga a 2010, da sunan submodule, watau ɗan kundi. Uwar kundi ta riƙe sanarwa kawai: sunan ɗan aike, irin lambobin da zai karɓa, da irin amsar da zai mayar. Ainihin aikin kuwa ya koma wurin ɗa. Ma'aikacin gwamnati zai gane wannan da sauri, domin daidai yake da takardar kama aiki da ke ofishin rajista, alhali mai aikin yana can wani reshe.

To, yawancin rigimar daga nan take tasowa, inda abin da uwa ta sanar ya saɓa da abin da ɗa ya rubuta. A ɗauki kundi mai suna lissafi, da ɗan aike mai suna fili, wanda ke karɓar tsawo da faɗi. Hanya biyu ce ta rubuta shi a wurin ɗa. Ko dai a fara da module function a maimaita sanarwar baki ɗaya, ko kuma a rubuta module procedure fili kawai, a rufe da end procedure. A hanya ta farko ƙa'ida ba ta da sassauci ko kaɗan: irin lamba, da nufin da aka ba ta na shiga ko fita, har da sunayen da kansu, dole su zo daidai. Wanda ya ce tsawo a wurin uwa, ya ce tsayi a wurin ɗa, ya karya ƙa'ida. A hanya ta biyu kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne sake bayyana tsawo da faɗi, alhali an riga an gaje su. Ga mai koyo hanya ta biyu ta fi aminci, ko da yake tana tilasta wa mai karatu ya koma wurin uwa kafin ya san abin da ake karɓa.

Kuskuren da ya fi wahalar da mutane shi ne wanda tafinta kan bari ya wuce shiru. In aka manta kalmar module a gaban function a wurin ɗa, sau da yawa babu ƙorafi, domin a idon ƙa'ida an ƙirƙiri wani ɗan aike ne dabam mai suna iri ɗaya, wanda ba ya fita daga gidan. Sai an je wurin maɗinki ya ce ya nemi fili na kundin lissafi bai same shi ba. Ɗalibi ya duba, ga fili a rubuce ƙiri-ƙiri, sai ya fara zargin na'ura. Kalma ɗaya ce ta ɓace.

In a wurin uwa aka manta kalmar, alamar takan bambanta. Tafintan gfortran yakan fitar da fayil mai ƙarshen .smod ne idan kundin yana da irin wannan sanarwa, kuma da shi ɗa ke gane uwarsa. In babu sanarwar, ko uwar tana da wani kuskure, ko aka fassara ɗa kafin uwa, sai a ce fayil ɗin bai samu ba. Har ila yau, ba a rubuta use lissafi a cikin ɗan kundin lissafi, domin ɗa yana ganin kayan uwarsa ba tare da ya roƙa ba, har da waɗanda ta ɓoye wa baƙi.

Ba kullum ne laifin ke wuyan ɗalibi ba. Sai a fitowa ta 6, a 2016, gfortran ya fara karɓar ɗan kundi, don haka tsohuwar kwamfutar ɗakin gwaji mai ɗauke da fitowa ta 4 ko ta 5 za ta ƙi kalmar submodule tun daga layin farko, sannan ta zubo ƙorafi bila adadin waɗanda duk 'ya'yan na farkon ne. Umarnin gfortran --version yana nuna fitowar da ke kan na'ura. Bugu da ƙari, fayilolin .mod da .smod da tafintan Intel ya fitar ba sa karantuwa a wurin gfortran, wani lokaci ma tsakanin fitowa biyu ta tafinta ɗaya ba sa jituwa. Wanda ya kwaso aikinsa daga kwamfutar sashe zuwa tasa ta gida sai ya share waɗannan fayiloli duka, ya fassara uwa tukuna, sannan 'ya'yanta.