Gaya: Likita Ya Ce a Rage Ci, Kasuwa Kuwa Tana Kira

Duk wanda ya san ƙasar Nijar ya san Gaya ba garin yunwa ba ne. Tana can ƙarshen kudancin jihar Doso, a bakin kogin Kwara, wajen kilomita 300 daga Yamai, kuma tana cikin yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar nan. Rake da dankali da rogo suna fitowa daga fadamu, shinkafa daga bakin kogi, kifi daga hannun masunta, muruci daga dajin giginya. Abin da ƙasar ba ta nomawa sosai, irin su manja da doya, shekara da shekaru ya yi ta shigowa ta gadar Malanbil, wadda aka buɗe a 1958, da kuma ta hanyar Kamba. Wannan albarka ce babba. Amma ga mutumin da ya fito daga asibiti, likita ya shaida masa yana da ciwon sukari ko hawan jini, ya ce ya rage maiƙo da gishiri, ya bar zaƙi, albarkar nan ita ce jarrabawarsa, tun daga ƙofar asibitin har zuwa zauren gidansa.

Galibin waɗanda ake ba wannan umarni masu abin hannu ne: ma'aikatan da ke wuni zaune a biro, 'yan kasuwa, da matan gida waɗanda jiki ya yi wa nauyi bayan haihuwa. Sukan fara da niyya mai ƙarfi. Mako ɗaya, mako biyu, sai a tarar da mutum gaban mai tsire. Jama'a su ce ba shi da zuciya, su tuna masa kwaɗayi mabuɗin wahala. Gaskiya ne, sai dai gori bai taɓa sauke hawan jinin kowa ba.

Masana sun daɗe da gano cewa jiki yana da hannu a wannan faɗuwa. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, Ancel Keys ya tara samari 36 masu ƙoshin lafiya, aka rage musu wajen rabin abincinsu har tsawon wata 6. Suka rame, amma abin mamakin shi ne yadda hankalinsu ya koma: ba su da hira sai ta abinci, wasu har tara littattafan girki suka riƙa yi, da aka sakar musu mara kuwa, da yawa suka ci fiye da kima. A 1999 kuma masu bincike a Japan suka gano wani sinadari da ake kira girelin, wanda tumbi ke sakawa cikin jini don ya tada yunwa. Yana ƙaruwa ga wanda ya rage ci, haka ma ga wanda ba ya samun isasshen barci. Ashe wanda ya tashi rana ɗaya ya ce ya bar karin kumallo, ya bar tuwon dare, shi ne ya fi kowa kusa da faɗuwa.

Ya kamata mai rage ci ya san yunwa dabam, kwaɗayi dabam. Yunwa a hankali take zuwa, kuma ko ɗumamen tuwo aka ba ta za ta karɓa. Kwaɗayi farat ɗaya yake faɗowa, ya ambaci abin da yake so da sunansa: fanke, soyayyen kifi, lemun kwalba mai sanyi. Yana da wurinsa da lokacinsa, kamar majalisar mai shayi bayan la'asar ko bakin tasha da dare. Yana kuma da rauni guda: yakan taso ya kwanta. Wanda ya sha ruwa, ya tashi daga wurin, ya kama wani aiki, sau da yawa yakan tarar abin ya lafa. A Jami'ar Stanford, wajen 1970, Walter Mischel ya gwada haƙurin yara ƙanana da kayan kwalama, ya ga waɗanda aka ɓoye wa abin sun fi jimiri nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka ajiye wa shi gaban ido. Babba ma haka yake. Sauya hanyar komawa gida ya fi sauƙi bisa ga wucewa gaban kaskon mai ƙosai kullum ana kokawa da zuciya.

Mutanen Gaya ba baƙi ba ne ga kame baki. Mutumin da ya kasa barin fanke a watan Shawwal, shi ne dai ya wuni ba ci ba sha a watan Azumi, ko da cikin zafin bazara. Ban da lada da tsoron Allah, abu uku suka dafa masa: lokaci tsayayye ne, gari duka ana tare, abinci kuma ba ya yawo gaban ido da rana. Mai rage ci ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, sai ya gina su da kansa. Amma a nan akwai kashedi: mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura kada ya tsallake abinci ko ya ɗauki azumi sai ya shawarci likita, don sukarin jini yana iya faɗuwa har mutum ya suma.

Sanin awo ma makami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka sani da OMS, ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba ke sha a yini kada ya wuce wajen giram 50, wato kimanin ƙwaya 10 na sukarin kwali, in ya yi rabin haka ya fi. Lemun kwalba guda mai santilita 33 yakan ɗauki wajen giram 35, tun kafin a zo ga shayin majalisa na ɗaya da na biyu da na uku. Gishiri kuwa ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma a cikin lissafin har da ɗunƙulen Maggi. Masu cewa gishirin Foga na gargajiya ne, ba ya cutarwa, su sani shi ma gishiri ne, kanwa ma 'yar uwarsa ce a wajen mai hawan jini.

Inda gizo ke saƙa shi ne gida. A akushi guda ake ci, ba wanda ya san yawan lomarsa. In an je baƙunci, mayar da ƙwarya da saura abin kunya ne. Ga mace abin ya fi tsanani, domin a wurin mutane da yawa ƙiba shaida ce ta cewa miji yana riƙo da kyau; a ƙasar Zabarmawa har bikin hangandi aka sani, inda ake yabon wadda ta fi cika ido, wasu matan kuma suna sayen ƙwayoyin sa ƙiba a kasuwa, masu lahani ƙwarai. Magidanci ya fara ramewa, sai raɗe-raɗi: ko ciwo, ko bashi, ko uwargida ba ta iya girki ba. Saboda haka ɓoye umarnin likita kuskure ne. Wadda ke riƙe da ludayi ita ya kamata ta ji bayanin da kunnenta a asibiti, ta san yawan man da za ta zuba, ta ware wa mai ciwo kwanonsa, ta yawaita masa zogale da kuɓewa da wake da gasasshen kifi. A gidan biki kuma, kalmar "likita ya hana" uzuri ce da ba mai ja da ita. Shugabannin ma'aikatu su ma da nasu: taron da ake jera akwatunan lemu, babu abin da zai rage shi in an ajiye ruwan sanyi a gefe.

Ba kuma a ce sai mutum ya zama kamar sillen kara ba. Wani babban bincike da aka bayyana a Amurka a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, ya nuna waɗanda aka ɗora bisa rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wannan kilo 6 ne da ɗoriya, da tafiyar rabin awa kwana 5 a mako, misali daga gida zuwa biro a ƙafa maimakon bisa babur.

Wanda ya zame a wajen suna ko walima, kada ya ce tunda an ɓata a ƙarasa. Ya koma kan kwanonsa a abinci na gaba, ranar awo kuma ya je asibiti ya hau sikeli, ya faɗa wa malamin asibiti abin da ya ci ba tare da ɓoye-ɓoye ba.