ƘAIƘAYIN JIKIN YARA: KI DUBA SABULUN WANKINKI



Yaro na ta susa, wuya da hammata da inda robar wando ke kamawa duk sun yi ja, kin canja man shafawa amma shiru? Wani lokaci matsalar tana cikin tufafinsa ne. Turare da kalar da ake sa wa garin omo suna maƙalewa a yadi idan ba a ɗauraye da kyau ba, da zufa ta taɓa su sai fata ta fara ƙaiƙayi.

Ga abin yi:

1. Ki samu sabulun sanda marar turare, ki yayyanka ƙanana, ki jiƙa a ruwan zafi ya narke. Ki zuba a tsohuwar jarka, in ya ƙare ki sake cikawa. Kin huta da ledojin da ke toshe mana kwata.

2. Ɓawon aduwa, da kakanninmu ke wanki da shi: a daka, a jiƙa, yana kumfa. Amma kar a zubar da ruwansa a tafki, yana kashe kifi.

3. Ɗauraya sau 2, a shanya a rana.

Ki fara gwadawa da riga ɗaya tukuna.

HATTARA: in ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, kuma mutanen gida da yawa na susa, wataƙila ƙazuwa ce. Canja sabulu ba zai warkar da ita ba, a je asibiti.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.