Sabon Ma'aikaci da Yankan Kuɗin Tsufa: Gudunsa Riba Ce ko Asara?

A 'yan shekarun nan 'ya'yan 'yan kasuwa da dama daga garuruwanmu na bakin iyaka, irin su Ƙonni da Illela da Jibiya da Maigatari, suna samun aikin albashi a kamfanoni da bankuna da gidajen mai. To amma da zarar albashin farko ya fito suka ga an zabtare wani abu da sunan ajiyar tsufa, sai ka ji ƙorafi ya tashi, har wasu kan lallaɓa wurin maigida su ce kada a yi musu rajista, a dunƙule musu kuɗinsu a hannu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba abin da dokoki suka tanada.

A Nijeriya tun 1961 aka kafa asusun ajiyar ma'aikata na ƙasa, kafin dokar fansho ta 2004 ta kawo tsarin da kowa ke da asusunsa na kansa. Gyaran 2014 ya ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aikin kuma ya ɗora kashi 10. A Nijar ana yankar kashi 5.25 zuwa asusun CNSS. A Kamaru tun 2016 kowane ɓangare na zuba kashi 4.2 a CNPS, a Gana kuwa dokar 2008 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 5.5, mai aiki kashi 13. A duk ƙasashen nan, muddin wurin aikin yana cikin waɗanda doka ta hau kansu, babu wata ƙofa da aka bar wa sabon ma'aikaci ya ce ba ya yi.

Inda aka bar irin wannan ƙofa ita ce Indiya. A can, bisa ƙa'idar da aka sa a 2014, wanda ya kama aiki da albashin da ya haura rufi dubu 15 a wata, kuma bai taɓa shiga asusun ba, yana iya cike takarda ya ce a bar shi a waje. Amma wanda ya riga ya shiga ba shi da damar fita matuƙar yana bakin aikin.

Ba za mu ce matasan nan ba su da hujja ba. Dattawa ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, haka nan kowa ya ga yadda naira ta zube tun daga watan Yunin 2023. Ɗan da ya tashi a rumfar mahaifinsa ya san cewa kuɗin da ke juyawa a buhun wake ko ragon layya kan haihu cikin 'yan watanni. Ga kuma tsofaffin da ake gani suna jeka-ka-dawo a ofisoshi kafin haƙƙinsu ya fito.

Sai dai akwai lissafin da ba a cika yi ba. A ɗauki naira dubu 70, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a 2024. Kason ma'aikaci naira 5,600 ne a wata, na mai aiki kuwa 7,000. Wanda ya ce kada a yanka ya tsira da 5,600, amma ya yafe wa maigida naira dubu 84 a kowace shekara, domin da wuya ka ga an mayar masa da wannan kaso cikin albashi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Bugu da ƙari, a Nijar da Kamaru rajistar ce ke ba ma'aikaci kuɗin iyali da diyyar haɗari a wurin aiki, wanda ba shi da lamba kuwa sai dai ya rungumi ƙaddara. A Nijeriya ma kuɗin ba a kulle suke gaba ɗaya ba, don wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25 na abin da ya tara.

Su kansu 'yan kasuwa an buɗe musu hanya. Kamaru ta kawo inshorar sa-kai a 2014, Nijeriya kuma ta ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu a 2019, inda a lokacin aka ba da damar cire kashi 40 idan buƙata ta taso, a bar kashi 60 don tsufa.

Shawararmu ga iyaye ita ce, idan yaro ya zo da takardar albashi yana kuka da yanka, a tambaye shi lambar rajistarsa tukuna, a kuma tura shi ya tabbatar maigida na zuba kuɗin da gaske, domin babbar ɓarna ita ce a yanka a ƙi kaiwa. Mai rumfar da ke riƙe da yara su ma ya tuna da ranar da ƙarfinsu zai ƙare. Da ma Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa mu yi tsufa mai amfani, amin.