Shirin Musamman: "Ina Ji, Amma Ba Na Iya Mayarwa"

Yau shirin namu ya leƙa Jihar Kebbi, daga Giwa Tazo da Maiyama zuwa Jega da Aliero, inda matasan Fulani da dama, in aka yi musu Fillanci, amsarsu ɗaya ce: "Ina ji, amma ba na iya mayarwa."

Yaro ne ya tashi a ruga, da Fillanci ya buɗe baki. Aka kai shi gari karatun allo ko na boko, ko ya kama sana'a a kasuwar Jega, ko ƙwadago a gonakin albasar Aliero. Ciniki da Hausa, wa'azi da Hausa, hira da abokai da Hausa. Ranar da ya je ganin gida, kakarsa ta yi masa magana, ya gane sarai, amma amsa ta maƙale.

Kalmomin da bai cika buƙata a gari ba su ke fara zubewa: sunayen launin shanu, ciyayin kiwo, kayan tatsa. Sai nahawu ya biyo baya, domin Fillanci na da rukunan suna sama da 20, kowanne da ƙa'idarsa. Da ya yi tuntuɓe aka yi masa dariya, kunya ta rufe masa baki. 'Ya'yansa kuwa ko jin ma ba za su yi ba.

Abin ya daɗe. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu sun yi waƙoƙi da Fillanci. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Yau Fulanin gida da yawa sai an fassara musu waƙoƙin kakanninsu. Kyangawan wajen Kamba ma haka: akasarinsu sun koma Hausa, masu yaren sun rage a 'yan ƙauyuka ta wajen Illo.

Sai dai wanda kunnensa ke ji bai yi nisa ba, yakan dawo da sauri in ya sami abokin hira. Don haka iyaye, a riƙa yi wa yara yaren gida kullum, a kai su ruga lokacin hutu, in sun yi kuskure a gyara musu ba da dariya ba. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.