Rabon Harajin Gida Tsakanin Mai Saye da Mai Sayarwa a Dokar Amurka

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan sashe na 164(d) na dokar harajin Amurka, wanda ya raba harajin gida na shekarar ciniki gwargwadon kwanakin mallaka. Alal misali, idan harajin Janairu zuwa Disamba dala 3,650 ne, aka ƙulla ciniki ranar 1 ga Afrilu, kason mai sayarwa na kwana 90 dala 900 ne. Mai saye zai cire sauran dala 2,750 daga kuɗin haya kafin a yanka masa harajin kuɗin shiga. In kuwa ya ɗauke wa mai sayarwa kasonsa, doka ba ta yarda ya cire nan take ba. Za a haɗa shi da kuɗin sayen gidan, a riƙa rage na ginin cikin shekara 27 da rabi.